Wace irin hujja ce ke isa a kai mutum kotu kan ta'addanci? Abin da shari'o'in Kainji suka nuna

Duk sanda labari ya fito cewa kotu ta sallami wasu da ake zargi da Boko Haram, abu na farko da za ka ji a majalisa shi ne ai an sayi alƙali, ko kuma dama gwamnati ba ta so a hukunta su. Ni dai ban ga laifin mai wannan fushin ba, mutumin da aka kashe masa uwa a Baga ko aka yanka masa ɗa a makarantar Buni Yadi ba ka da bakin ce masa ya yi haƙuri da ƙa'idar kotu. Amma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin waɗannan shari'o'in ba a gaban alƙali suke mutuwa ba, tun ranar da aka yi kamun suka mutu, shi alƙali gawar kawai ake kawo masa bayan shekara huɗu ko biyar. Kuma wannan rashin hujjar da ke sa mai laifi ya kuɓuta, shi ne dai yake sa wanda bai ji ba bai gani ba ya ruɓe a bariki, abu ɗaya ne yake cin ɓangarorin biyu.

Da farko a gane cewa doka ba ma'auni ɗaya take amfani da shi ba tun daga kamu har zuwa hukunci. Kafin jami'in tsaro ya kama ka, zargi mai dalili kawai yake buƙata, misali an ga lambarka a wayar wani kwamanda, ko an tare ka da jarkokin fetur a hanyar da aka hana bi. Wannan ya isa a tsare ka a bincika. Amma kafin a shigar da ƙara sai lauyan gwamnati ya buɗe fayil ɗin ya tambayi kansa, in na kawo shaidun nan gaban alƙali kuma ba wanda ya ƙaryata su, shin sun isa su nuna cewa wannan mutumin ne ya aikata wannan laifin, a wuri kaza, a lokaci kaza? In amsar a'a ce to bai kamata ma a kai maganar kotu ba. Sai mataki na ƙarshe wanda ya fi kowanne tsauri, wato kafin a ce mutum ya yi laifi sai an tabbatar ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, haka sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 ya ce, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko a kotun Musulunci mai da'awa shi ke kawo hujja, kuma ana kau da haddi idan shubuha ta shigo. Matsalar da muka samu a yaƙin nan ita ce an tara dubban mutane a kan mataki na farko, zargi, sannan aka tsaya nan.

Shari'ar ta'addanci a Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin yin ta, kuma ofishin Antoni Janar na ƙasa ne ke riƙe da ragamar gurfanarwa. Dokar farko an yi ta a 2011, aka yi mata gyara a 2013, sannan Buhari ya sa hannu a wata sabuwa a watan Mayun 2022. To ka lura, su waɗanda suke kamun a daji da ƙauyuka sojoji ne, su kuma masu shigar da ƙara lauyoyi ne da ke zaune a Abuja, tsakanin waɗannan biyun ne hujja take zubewa.

Tun a ƙarshen 2013 alamar ta fito. Hedikwatar tsaro ta kafa wani kwamitin bincike na haɗin gwiwa, ya tantance mutum kusan 1,400 da ake tsare da su, ya ce kusan 500 ne za a iya kaiwa kotu, 167 a sake su, sauran sama da 600 kuma a sake duba lamarinsu. Wato su da kansu masu riƙon sun ga cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suke da abin da za su iya nuna wa alƙali a kansu.

Sai a watan Oktoban 2017 aka fara zaman da kowa ya sani, a barikin Wawa da ke Kainji a jihar Neja, inda ake tsare da mutum 1,669. Alƙalai aka ɗauka aka kai su cikin barikin, zaman farko ma ba a bar 'yan jarida sun shiga ba. Da aka tashi, gwamnati ta sanar cewa an samu mutum 45 da laifi, ɗaurin shekara 3 zuwa 31, aka sallami 468 saboda ba a ga abin da za a tuhume su da shi ba. A zama na biyu a Fabrairun 2018 aka ɗaure 205, aka saki 526, a nan ne aka yanke wa mutum na farko hukunci kan sace 'yan matan Chibok, shekara 15. A zama na uku a Yulin 2018 aka ɗaure 113, aka sallami kusan ɗari ba tare da an ma yi musu shari'a ba. Ka haɗa waɗanda aka sallama a zaman farko da na biyu kaɗai, mutum 994 ke nan, kuma ba alƙali ne ya yi musu alfarma ba, a mafi yawancin lokuta lauyoyin gwamnatin da kansu ne suka ga ba su da abin kawowa. Da yawa daga cikinsu sun shekara uku, huɗu a tsare kafin wannan ranar.

Me ya sa fayil zai zama fanko haka? Bari mu ɗauki misali yadda abin ke faruwa. Sojoji sun kori 'yan Boko Haram daga wani ƙauye a wajen Bama, an tara duk mazan da aka samu, an loda su a mota. A cikinsu akwai wanda ya riƙe bindiga da gaske ya jefar da ita a rijiya da ya ji ƙarar motoci, akwai manomin da aka hana shi fita garin shekara biyu, akwai yaron da aka tilasta wa ɗaukar kaya. Sojan da ya kama su yana cikin yaƙi ne, ransa yake karewa, ba shi da takardar da zai rubuta wane a ina na same shi, me ke hannunsa, ƙarfe nawa. Wayoyin da aka karɓe an zuba su a buhu ɗaya ba suna ba lamba, bindigogin da aka tsinta an jera su an ɗauki hoto an kai ma'ajiya, ba wanda ya ɗauki zanen yatsa ko ya rubuta wacce ta fito daga hannun wa. Bayan wata shida an yi wa sojan canjin wurin aiki, ko ma Allah ya yi masa rasuwa a fagen daga. Mutanen ƙauyen da za su iya cewa wannan shi ne ya harbe maƙwabcina, wannan kuwa tare aka tsare mu, sun watse, wasu suna sansanin gudun hijira a Maiduguri wasu suna Minawao a Kamaru. Shekara biyar bayan nan wata lauya a ma'aikatar shari'a ta buɗe fayil ɗin ɗaya daga cikinsu, ta tarar da takarda biyu, ɗaya suna da garinsu, ɗaya kuma sitatimen da aka rubuta da Turanci aka dangwala masa yatsa a ƙasa, alhali mutumin Kanuri kawai yake ji sai ɗan Hausa kaɗan. Da wannan ake so ta je ta tabbatar da laifin ta'addanci.

Shi ya sa kusan komai ya koma kan iƙirari, wato mutum ya amsa laifi da bakinsa. A doka iƙirari hujja ce, har ana iya ɗaure mutum da shi kaɗai in alƙali ya gamsu cewa da son ransa ya yi shi kuma maganar ta dace da sauran abin da ke ƙasa. Amma sashe na 29 na dokar shaida ya ce in an same shi ta hanyar azabtarwa ko tursasawa kotu ba za ta karɓa ba, kuma da zarar wanda ake tuhuma ya ce dukana aka yi, nauyin yana komawa kan masu ƙara su nuna ba haka ba ne. A nan ake tsayar da babbar shari'ar a buɗe wata ƙarama a cikinta don kawai a gano yadda aka ɗauki sitatimen ɗin, wannan kaɗai yana iya cin watanni. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta kawo mafita mai sauƙi, a ɗauki bayanin a bidiyo, kuma a yi shi gaban lauyansa ko jami'in hukumar ba da tallafin shari'a, Kotun Ƙoli ma a 'yan shekarun nan ta ƙara tsaurara wannan sharaɗin. Ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. To amma dubban sitatimen ɗin da aka ɗauka a barikin sojoji na Giwa da ke Maiduguri tun kafin nan fa, wa ya ɗauke su a bidiyo? Rahoton da Amnesty ta fitar a 2015 ya ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011, rundunar ta musanta, amma duk lauyan da ya san aikinsa zai tashi ya ce wa alƙali takardar da ta fito daga irin wannan wurin ba abin dogaro ba ce, kuma da wuya alƙali ya ƙi sauraronsa.

Sai ka ce to ai an ɗaure ɗaruruwa, da wace hujja? Wannan ɓangaren ne ya fi damuna wallahi. Human Rights Watch da ta halarci zaman Yulin 2018 ta ba da rahoton cewa wasu shari'o'in ko minti 15 ba su kai ba, yawanci amsa laifi ne kawai ba shaida ba komai, kuma tuhume-tuhumen da yawa ba su faɗi takamaiman rana ko wurin da aka yi laifin ba. Da yawa laifin da aka ɗora musu shi ne taimaka wa ƙungiyar, kamar gyaran mota, wankin kaya, sayar musu da abinci, ko kuma ɓoye bayani, wato ka san wani ɗan Boko Haram ne ba ka kai rahoto ba. Waɗannan laifuffuka suna cikin doka, kuma akwai masu kai wa 'yan ta'adda mai da magani da sani don kuɗi, su kam sun cancanci duk abin da ya same su. Amma matar da 'yan bindiga suka mamaye garinsu suka ce ta dafa musu tuwo, ko bakanike da aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ya gyara babur, wane ofishin 'yan sanda za su kai rahoto alhali babu hukuma ko ɗaya a garin? Doka ta ce sai an nuna mutum ya yi da sani, kuma niyya ba a gane ta a minti goma. Mutumin da ya shekara huɗu a ɗaki ba a taɓa gaya masa ranar fitarsa ba, in aka ce masa ka amsa a yanke maka shekara biyar a lissafa da wadda ka riga ka yi, zai amsa ko bai yi ba. Hukunci ya samu, lissafi ya ƙaru, amma wanda ya dasa bam a kasuwa ba shi aka kama ba.

In ka koma kan manyan shari'o'in da aka yi a Abuja a bainar jama'a, inda akwai lauyoyi masu tsayawa su yi jayayya, nan za ka ga yadda ma'aunin yake aiki da gaske. Sanata Ali Ndume an gurfanar da shi a ƙarshen 2011 bisa zargin yana hulɗa ta waya da wani mai magana da yawun Boko Haram kuma bai sanar da hukuma ba. Shi bai musanta cewa an yi waya ba, cewa ya yi yana cikin kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa kan tsaron arewa maso gabas, kuma ya sanar da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Namadi Sambo da shugaban hukumar DSS. To ka ga in kai ne mai ƙara, aikinka na farko shi ne ka kira mutanen nan biyu su ce e ko a'a. Ba a kira su ba. A Yulin 2017 Mai shari'a Gabriel Kolawole ya sallame shi tun kafin ya fara kare kansa, saboda abin da aka kawo bai kai ma a ce ya tashi ya ba da amsa ba. Kusan shekara shida ana abu ɗaya. A cikin wannan shari'ar ma an sha fama kan bayanan kiran waya da aka kawo a faifai, domin sashe na 84 na dokar shaida ya ce duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya sai an bi wasu sharuɗɗa an nuna na'urar tana aiki daidai kuma ga yadda aka ciro bayanin, in ba haka ba lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai nemi a yi watsi da shi komai muhimmancinsa.

Na Aminu Ogwuche kuma wani salo ne daban. Bayan bam ɗin tashar Nyanya na 14 ga Afrilun 2014 da ya kashe sama da mutum 70, aka zarge shi da hannu a ciki, aka bi shi har Sudan aka dawo da shi a watan Yuli. A watan Nuwamba na shekarar kotu ta kori ƙarar farko saboda masu gabatar da ita ba su mai da hankali ba, 'yan sanda ne suka shigar da ƙara shi kuma yana hannun DSS, kowa na jan nasa. Daga baya aka sake gurfanar da shi. Khalid al-Barnawi da ake tuhuma kan harin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2011 an kama shi a Lokoja a 2016, an gurfanar da shi a 2017, har 2025 ana ta sauraron shaidu. Waɗanda ake tuhuma kan harin cocin Owo na Yunin 2022 sai a Agustan 2025 aka kai su gaban alƙali. Duk shekarar da ta wuce shaida yana mantuwa, wani ya mutu, wani ya tsorata ya ƙi zuwa duk da cewa doka ta yarda a ɓoye fuskarsa da sunansa.

Kabiru Sokoto shi ne misalin da aka yi nasara, kuma akwai darasi a yadda aka yi ta. Kowa ya san shi da harin cocin Madalla na ranar Kirsimeti a 2011, amma da Mai shari'a Adeniyi Ademola ya yanke hukunci a Disambar 2013, ɗaurin rai da ran da ya samu a kan shirya ayyukan ta'addanci ne a Sakkwato, a kan Madalla kuwa shekara 10 aka ba shi don ya san za a kai harin bai faɗa ba. Masu ƙara sun tuhume shi da abin da za su iya tabbatarwa ne, ba abin da jaridu ke faɗa ba, shi ya sa hukuncin ya zauna.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne bambancin bayanan sirri da hujjar kotu. Jami'in leƙen asiri zai iya sanin wane ne ke aika kuɗi daji, ya sani sarai, amma wanda ya gaya masa ɗan cikin ƙungiyar ne, in ya fito kotu gobe za a tsinci gawarsa. Ko kuma an saurari waya ne ta hanyar da ba za a iya bayyanawa ba. Sani daban, tabbatarwa daban. Ka tuna a 2021 fadar shugaban ƙasa ta ce an kama kusan mutum 400, yawanci 'yan canji, kan zargin ɗaukar nauyin ta'addanci, jama'a suka yi ta cewa a faɗi sunayensu, aka yi ta jira ba a ga wata gagarumar shari'a a fili ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa tun a 2019 aka ɗaure 'yan Najeriya shida kan tura wa Boko Haram dala 782,000. Shari'ar kuɗi ita ce ma ya kamata ta fi sauƙin kawo hujja, domin banki yana ajiye tarihi, amma sai an samu mai binciken da zai zauna ya bi kuɗin daga asusu zuwa asusu har ya nuna mai aikawa ya san inda za su, don ɗan canji yana iya tura kuɗin mutum ɗari a rana bai san ko ɗaya ba.

Idan hujja ba ta isa a gurfanar ba kuma ana tsoron a saki, sai a zaɓi hanya ta uku, a ci gaba da riƙewa. Kundin tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, dokar ta'addanci kuma ta ba da damar a nemi izinin alƙali a tsare shi kwana 90 a tsohuwar doka, kwana 60 a ta 2022, kuma ana iya sabuntawa, ana neman izinin ne ma ba tare da shi wanda ake tsarewar yana wurin ba. An yi wannan tanadin don a samu lokacin tattara hujja, ni ma na yarda binciken ta'addanci ba ya ƙarewa a awa 48. Amma mun ga inda aka kai shi, da irin wannan izinin aka riƙe waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, har aka kawo yara ƙanana kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba wasu suna faɗuwa don yunwa, ƙarshe shugaban ƙasa ya ce a sake su aka janye ƙarar. Riƙon da ba shari'a ko ta fuskar tsaro asara ne. Matan ƙungiyar Knifar a Borno, waɗanda sojoji suka tsare mazajensu, sun shekara da shekaru suna neman a gaya musu inda mazajensu suke, 'ya'yansu sun tashi da wannan ciwon a zuciya. Sannan tara mayaƙa na gaske wuri ɗaya ba hukunci yana ba 'yan uwansu lokacin shiri, haka aka fasa Giwa a Maris 2014, aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022 inda duka mutum 64 da ke tsare kan alaƙa da Boko Haram suka gudu.

A ganina gyaran ba a kotu zai fara ba, kuma ba sassauta ma'aunin hujja ne maganin ba, don in aka sassauta talakan ƙauye ne zai fara shiga ciki ba mai ɗaukar nauyi ba. A wurin kamu zai fara. Duk rundunar da za ta fita aiki a haɗa ta da mai bincike ko ɗan sanda wanda aikinsa kawai ya rubuta, ya ɗauki hoton mutum tare da abin da aka samu a hannunsa, ya sa kowace waya a leda da suna da rana, ya ɗauki bayanin mutanen gari tun suna wurin. A ɗauki sitatimen a bidiyo da harshen da mutum yake ji, wayar hannu ma ta isa yin wannan. Lauyan gwamnati ya ga fayil cikin makonni, in babu komai ya ce babu tun kafin mutum ya shekara.

An ci gaba da zaman Kainji, a Yulin 2024 an sanar da ɗaure mutum 125, a Disambar shekarar kuma sama da 200, kuma yanzu ana ganin tuhumar ɗaukar nauyin ta'addanci fiye da da. Ina fata hakan na nufin bincike ya inganta. Amma adadi kaɗai ake ba mu, abin da nake so ma'aikatar shari'a ta fitar shi ne takardun hukuncin kansu, mu ga mutum nawa aka ɗaure da shaidu da kayan hujja, nawa ne da amsa laifi kawai, nawa ne kwamandoji nawa ne masu wanki da dafa abinci, kuma waɗanda aka sallama shekara nawa kowannensu ya yi a tsare kafin a ce masa babu abin da ake tuhumarsa da shi.